Likita na son ɗibar ruwan bayan Inna, Yaya ya ce sai bayan ransa

Assalamu alaikum Anti. Daga Makka nake rubuto miki, unguwar Shara Mansur. Mahaifiyarmu, Inna muke ce mata, shekararta 69, tana da ciwon suga da hawan jini. Shekara biyu ke nan mantuwa ta sako ta gaba. Da fari mukulli ne da carbi, muka ce tsufa ne. Yanzu sai ta yi La'asar sau biyu, ta tambayi abinci ga kwano a gabanta, kuma ta rantse matar Yayanmu ce ke ɗauke mata zobe. Watan jiya ta tafi Harami, hanyar da ta shekara arba'in tana bi, ta ɓace, sai bayan Isha wani bawan Allah ya kawo ta. Mun kai ta asibiti a Jidda, an yi awon jini da hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ce yana zaton zahaimar ce, wato wata cutar gigin tsufa, amma yana son ya ɗebi ruwa daga bayanta a auna wani abu wai shi amiloyid, ya kuma tambaya ko za mu yarda a ajiye ragowar ruwan don bincike. Babban Yayanmu ya ce sai bayan ransa. Wai allurar baya gurgunta mutum take yi, wai gwaji suke so su yi da ita, kuma abin Inna sammu ne, ruƙiyya kawai za a yi mata. Ni nake kwana da ita. Shekarata 42, ni ma na fara manta inda na ajiye waya. Anti, in bi likita in saɓa wa Yaya? Kuma ni ma haka zan ƙare?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya. Allah ya ba Inna sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan dararen da kike rabawa ido biyu.

Bari in fara da allurar, tunda ita ta raba kan gidanku. Kada ki raina tsoron Yayanku, yana da tushe. Mu a bakin sanƙarau muka san allurar baya. Duk wanda ya yi wayo a 1996 ya tuna annobar da ta kwashe dubban mutane a ƙasar Hausa, a nan ma ta ɓarke a Hajjin 1987, shi ya sa har gobe alhaji ba ya shigowa sai da katin rigakafinta. Yadda akan yi shi ne, sai wuyan yaro ya sandare, ya fita hayyacinsa, sannan a garzaya asibiti. Likita ya ɗebi ruwan baya don ya gane ƙwayar cutar, bayan kwana biyu yaro ya cika, ko ya tashi kurma, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Iyaye ba su ga ƙwayar cuta ba, allura suka gani, sai laifin ya hau kanta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ɓarnar kuwa ta sanƙarau ce.

Na yi shekaru ina aikin jinya a Jidda, na riƙe gwiwoyin mutane da dama ana yi musu wannan allura, don haka ba labari aka ba ni ba. Lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta sauka har ƙasa. A jikin babban mutum tana ƙarewa ne wajen gaɓa ta ɗaya ko ta biyu ta ƙashin ƙugu, likita kuma ƙasa da nan yake sa allura, tsakanin gaɓa ta uku da ta huɗu, ko ta huɗu da ta biyar. A wurin babu laka, sai wasu siraran jijiyoyi da ke lilo cikin ruwa, likitoci na ce musu jelar doki don kamar da suka yi da ita. In allura ta taɓa ɗaya gocewa take yi, mutum ya ji kamar lantarki ya ɗan ja shi a ƙafa, ya wuce. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka kusan mililita 150 ne, kuma kullum jiki na ƙera sabo kusan rabin lita yana shanye tsohon. Abin da za a ɗiba mililita 10 zuwa 15 ne, babban cokali ɗaya ke nan. Kafin ku iso Makka daga Jidda kusan jiki ya mayar da shi. Tun 1891 wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya fara wannan aiki, kuma a daidai wurin ake yi wa mata allurar kashe ƙasan jiki in za a ciro jariri ta tiyata. Ki duba danginku, da wuya a rasa wadda aka yi wa, ga ta nan tana hawa bene da ƙafafunta.

Ba zan ce miki babu komai ba. Kusan mutum 1 cikin 10 yakan yi ciwon kai bayan an gama, irin wanda ke tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta, ya tafi cikin 'yan kwanaki. Tsofaffi ma sun fi matasa tsira daga shi, kuma akwai siririyar allura marar kaifin baki da ke rage shi, kina iya tambaya ko ita suke amfani da ita. Haɗarin gaske, wanda ba kasafai ake gani ba, shi ne jini ya taru ya danne jijiya, kuma masu shan maganin tsinka jini ne ke bakin wannan rami. Mai suga da hawan jini kamar Inna tana iya zama cikinsu ba ku sani ba. Don haka ki zuba duk magungunanta a leda, har na gargajiya da wanda maƙwabciya ta kawo, ki ajiye wa likita a kan tebur. Hoton ƙwaƙwalwar da aka riga aka yi shi ma kariya ce, da shi ake tabbatar babu ƙari ko kumburin da zai hana a ɗebi ruwan.

To me ake nema a ciki? A nan zan ɗan daɗe, domin in kin gane wannan, ke da kanki za ki san tambayar da za ki yi wa likita.

A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibiti a birnin Frankfurt na Jamus. Ta fara ne da zargin mijinta ba gaira ba dalili, sannan mantuwa, sannan ta riƙa ruɗewa a cikin gidanta. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer, wanda Larabawa suka mayar da sunansa zahaimar. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta a madubin likita, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule da suka daskare a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Dunƙulen nan su ne amiloyid, zaren kuma wani furotin ne da ake kira tawu. Sunan amiloyid kansa kuskure ne da ya zauna. Ma'anarsa mai kama da sitaci, don wani malamin likitanci, Rudolf Virchow, ya zaci sitaci ne a 1854. Daga baya aka gano furotin ne, kuma sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka iya ware irin na zahaimar suka karanta ƙirarsa.

Kowa ƙwaƙwalwarsa na fitar da wannan amiloyid, ni da ke da jaririn goye. Gutsure ne da ake yankowa daga wani babban furotin, kullum ana yi, kullum ruwan nan na wanke shi yana fita da shi. Akwai mai gaɓa 40, akwai mai gaɓa 42, na biyun shi ne mai danƙo, shi ke manne wa 'yan uwansa ya zama dunƙule. Ga abin da ke ruɗa mutane ranar karɓar sakamako: mai zahaimar, amiloyid ɗin ruwan bayansa raguwa yake yi, yakan sauka zuwa kusan rabin na mai lafiya. Kin san in kika tace ƙullun koko kika ajiye, da fari ruwan fari ne fat. Da safe sai ki ga saman ya yi garau. Gasarar ba ta tafi ko'ina ba, kwanciya ta yi a gindin roba. Haka nan, idan mai gaɓa 42 ya yi ƙaranci a ruwan baya, alama ce ya kwanta a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake gwada shi da mai gaɓa 40, wanda ba ya kwanciya sosai, don a bambanta wanda jikinsa dama kaɗan yake ƙerawa da wanda nasa ya maƙale. Tawu kuma akasin haka yake, hawa yake yi, saboda yana tsiyayowa daga ƙwayoyin da ke jigata. In an ga amiloyid ya sauka, tawu ya hau, ga kuma mantuwa irin ta Inna, likita zai ce zahaimar ce da ƙarfin gwiwa.

A da, ba a tabbatar da wannan cuta sai mutum ya mutu an yanka ƙwaƙwalwarsa, kuma ina jin irin wannan labari ne ya kai kunnen Yaya har ya kira abin gwaji. Awon ruwan nan an samo shi ne daidai don a daina jiran gawa. Ba mai taɓa kan Inna.

Sai dai amiloyid shaida ne, ba alƙali ba. Yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar farko, kuma cikin masu shekara 70 zuwa 80 da hankalinsu ke garau, kusan ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku suna ɗauke da shi. A 1986 wani mai bincike a Amurka, David Snowdon, ya fara bin rayuwar wasu tsofaffin mata masu zuhudu na cocin Katolika, adadinsu ya kai 678, dukkansu sun yarda a duba ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa. An samu waɗanda kansu ke cike da dunƙulen nan amma har suka koma ga Allah ba su ruɗe ba. An kuma ga cewa waɗanda suka haɗa dunƙulen da toshewar ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, su ne gigin ya fi bayyana a kansu. Ki riƙe wannan da kyau, domin suga da hawan jini aikinsu ke nan, toshe ƙananan hanyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zahaimar ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gigin tsufa, ragowar wasu cututtuka ne, kuma tsoho ɗaya yakan haɗa biyu. Saboda haka in awo ya nuna babu amiloyid, an samu babban labari: a bar zancen zahaimar a nemi dalili a wani wuri. In ya nuna akwai, an san ɗaya daga cikin ɓarayin, ba a ce shi kaɗai ya shiga gidan ba.

Yanzu ga tambayar da nake so ki yi wa likita, ki kuma bar shi ya amsa a gaban Yaya: Dakta, in sakamako ya fito akwai, me za ka yi wa Inna, in ya fito babu, me za ka yi mata? Idan amsoshin biyu sun bambanta, awon ya cancanci cokalin ruwan nan. Idan duka ɗaya ne, to ba gaggawa, kuma ba dalilin da zai sa zumunci ya tsage a kansa.

Abin da ya sa likitoci suka ƙara matsawa kan wannan awo a 'yan shekarun nan shi ne fitowar magungunan da ke share amiloyid daga ƙwaƙwalwa. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Leqembi, a 2024 ta amince da Kisunla, kuma ba a ba kowa sai an tabbatar yana da amiloyid. Da suka fito, ta jijiya ake sa su kamar ƙarin ruwa, na farkon duk sati biyu, na biyun wata-wata. Ina so ki ji gaskiyarsu tun kafin wani ya sayar muku da buri. A gwajin Leqembi da aka yi da mutum 1,795 na wata 18, masu karɓar maganin ma sun ci gaba da lalacewa, sai dai tafiyar ta ragu da kashi 27 cikin 100, bambancin da bai kai rabin maki ba a ma'auni mai maki 18. Kusan 13 cikin 100 sun sami kumburi a ƙwaƙwalwa, wasu ɗan zubar jini, yawanci ba sa ji a jikinsu, amma akwai 'yan kaɗan da suka rasa ransu, shi ya sa ake ta maimaita hoton MRI. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, kusan riyal dubu 100, ban da kuɗin hotuna. Dunƙulen yana tafiya sosai, mantuwar ba ta tafiya, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki amiloyid ba shi ne labarin duka ba. Kuma masu matakin farko kawai ake ba. Daga abin da kika rubuta, ɓata a hanyar Harami da maimaita salla, ina tsoron Inna ta ɗan gota wannan mataki, amma awon tunani da likita ya yi mata shi zai faɗa, ba ni da ke ba.

Ko da ba don sababbin magungunan ba, awon na iya amfani idan hoton cutar bai fito wa likita sarai ba. Tsofaffin ƙwayoyi irin su donefezil da memantin suna ɗan tallafa wa mai zahaimar, amma akwai nau'in gigin da ba sa yi masa komai. Ki kuma tabbatar awon jinin da aka yi ya haɗa da bitamin B12, don metfomin da yawancin masu suga ke sha yana rage shi in an daɗe, ƙarancinsa kuma na kawo mantuwa da ake gyarawa. Haka sinadarin tairod na maƙogwaro, haka baƙin ciki mai zurfi da tsofaffi ke ɓoyewa, haka ƙwayoyin barci da na mura. Idan allurar ce kaɗai ta tsaya wa Yaya a wuya, akwai hoton PET da ke nuna amiloyid ba tare da ita ba, sai dai tsada da ƙarancin wuraren yi. A watan Mayun 2025 kuma Amurka ta amince da awon jini na farko da ke taimakawa wajen gano shi. Ki tambaya ko ɗakin awonsu na yi, da abin da ta'amin ɗinku, wato inshorar lafiya, zai biya.

Maganar bincike daban take da maganar magani, kar ku bari a haɗa muku su a takarda ɗaya. Kuna da ikon ku yarda da awo ku ƙi ajiyar ruwa, kuma ƙin ba zai rage wa Inna kulawa ba. In kun so, a ba ku takarda a karanta muku cikin harshen da kuke ji, ku san wa zai riƙe ruwan, ko za a cire sunanta, ko za a fitar da shi ƙasar waje, da yadda za ku janye in kun sake shawara. Ra'ayina, in an cika waɗannan, ni da zan bayar. Yawancin ma'aunan da ake yanke hukunci da su a jikin Turawa aka samo su, kuma bincike a Amurka ya nuna tawu ɗin ruwan bayan baƙar fata yakan yi ƙasa da na farar fata ko da cutar ɗaya ce. Wani dogon bincike da aka fara a 1992 tsakanin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis ya tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, har ƙwayar gadon nan APOE4 da ke ƙara haɗarinta ba ta da ƙarfi a can kamar a Amurka. In babu irinmu cikin waɗanda aka auna, da tsawon wasu za a riƙa ɗinka mana riga. Amma wannan sadaka ce ta ganin dama.

Mu koma kan Yaya. Kar ki sa hannu a bayan idonsa. In aka yi a ɓoye, Inna ta yi ciwon kai na kwana biyu, ko bayan wata shida cutar ta ƙara gaba kamar yadda dama za ta yi, ke da allurar za a ɗora wa, kuma har ku tsufa ana goranta miki. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ƙanne ko matarsa ba, ki ce, Yaya, kai ne babba, kai ya kamata ka yi wa likitan nan tambayoyi, mu je tare. Gani ya kori ji. Da yawan irinsu da na gani, da likita ya zana musu ƙashin baya a takarda ya nuna inda laka ta ƙare, sai jikinsu ya yi sanyi. In akwai kawu ko limamin da yake jin nauyinsa, a tafi da shi. Akwai kuma wadda duk cikin wasiƙarki ban ji an tambaya ba, ita ce mai bayan. Ki zaɓi safiya, lokacin da kanta ya fi washewa, ki yi wa Inna bayani da gajerun kalmomi, ki ji ta bakinta. Muddin tana gane abin da ake faɗa mata, maganarta tana gaba da taki da ta Yaya.

Ruƙiyya kuwa ba ta faɗa da asibiti. Ku tofa mata Fatiha da Falaƙi da Nasi safe da yamma, ku ba ta zamzam, ga shi a ƙofar gidanku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai ruƙiyyar da zai ce a dakatar da maganin suga, ko ya daki tsohuwa wai aljani yake duka. Ki tuna wa Yaya cewa Alƙur'ani da kansa ya siffanta wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, mutumin da ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma ba a ce sihiri ne ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yakan nemi tsari daga gare shi. Zancen sammu yana da wata ɓarna da ban ga an lura da ita ba: in an ce sammu ne, dole a nemo wanda ya yi, kuma ga wadda Inna ke nunawa da yatsa a cikin gida. Zargin sata alama ce ta cutar, sananniya. Inna ta ɓoye zobe don kar a ɗauka, ta manta ta ɓoye, sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da wanda ya fi kusa. Kin ga matar Frankfurt ma da zargi ta fara. Ki je ki rarrashi matar Yaya, ki gaya mata kin san ba ta ɗauki komai ba. In Inna ta tayar da maganar, kar ku yi musu da ita, kar kuma ku gaskata ta, ku ce taso mu nema tare, ku fara da ƙarƙashin katifa da cikin matashi. Sallar da take maimaitawa ku ƙyale ta, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Batun azumi ku kai wa malami tare da bayanin likita.

Ke kuma. Kin manta inda kika ajiye waya, kin san kin manta, kin zauna kin rubuto min wasiƙa mai kai da gindi da shekaru da komai a jere. Wannan kan mai gajiya ne. Zahaimar da ke bin jini kai tsaye, wadda in uwa na da ita kowane ɗa yana da rabin haɗari, ba ta kai 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma da wuri take kamawa, a shekaru 30 zuwa 50 da wani abu, ta bi gida tsara bayan tsara. Ta Inna ta fara ne tana 67. Gaskiya ne 'ya'yan mai cutar haɗarinsu ya ɗan ɗara na sauran mutane, amma da yawansu suna tsufa da hankalinsu. Kar ki je ki nemi a auna miki amiloyid, likitoci ba sa ba mai lafiya wannan shawara, tunda kin ji ana ɗauke da shi a mutu ba a ruɗe ba. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa, cikinsu akwai hawan jini da suga da ƙiba da rashin motsa jiki da raunin ji da ba a kula da shi ba. Na gidanku kin san su. A shekara 42 awon da ya kamace ki shi ne na hawan jini da na suga, a mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa. Sannan barci: lokacinsa ne ƙwaƙwalwa ta fi wanke kanta, amiloyid ɗin ma har da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tunda Yaya ya ce shi ne mai yanke hukunci kan Inna, to a raba kwana, dare biyu ko uku a sati ya zama nasa ko na wanda ya wakilta. Wanda ya kwana da ita sau uku ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai abubuwan da ba sa jiran sakamakon kowane awo. Inna ta ɓace sau ɗaya an dace, a zafin Makka da ke haura digiri 45, ko cikin cunkoson Ramadan, ba kullum ake dacewa ba. Kar ta sake fita ita kaɗai, amma kar a hana ta Harami, a kai ta bayan Asuba ko da dare, hannunta cikin na wani. A yi mata abin hannu mai sunanta da lambar wayarki da Larabci, a ɗinka wata takardar a cikin abayarta, don jaka yarwa take yi. A sa wa ƙofa sakata ta sama, a riƙa rufe tukunyar gas daga gindi, maganin suga kuma ya fita daga hannunta kwata-kwata, wadda ke La'asar sau biyu za ta sha ƙwaya sau biyu, kuma faɗuwar suga ta fi mantuwa saurin kisa. Ba a fafe gora ranar tafiya: batun wakala, wato takardar wakilci, da takardun zama, da abin da ta mallaka a nan ko a gida Najeriya, a daidaita su yanzu da take iya faɗin abin da take so, in an makara sai an bi ta kotu. Akwai ƙungiyar zahaimar ta Saudiyya da aka kafa a Riyad a 2009, tana wayar da kan masu jinya, lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya kuma ana samun likita a kanta dare da rana. In wata rana kika ga ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kar ki ce cutar ce ta yi gaba, a duba fitsari da suga da zazzaɓi a ranar.

In kun yanke za a yi allurar, ki roƙa a bar ki ki shiga. Za a kwantar da ita a gefe, gwiwa a ƙirji, a kashe fatar wurin, aikin duka bai fi minti 20 zuwa 30 ba. Ki zauna ta gabanta inda za ta ga fuskarki, ki riƙe hannunta, ki ja mata surar da ta fi so, irin waɗannan su ne na ƙarshen fita daga kai. Ki gaishe min da ita, in kin sake rubutowa ki haɗo min da sunayen magungunan da ke cikin ledar nan.